Tondibi, 1591: Ranar da Shanu Suka Juyo

A watan Maris na shekarar 1591, a wani fili da ake kira Tondibi, arewa da birnin Gao a bakin kogin Kwara, runduna biyu suka tsaya suna kallon juna. A harshen Sangai, Tondibi na nufin baƙin dutse. Rundunar Askiya Ishaƙ na Biyu, sarkin Sangai, ta fi yawa nesa ba kusa ba, ga barade bisa dawakai, ga 'yan baka da masu māsu. Ɗaya rundunar kuwa baƙi ce, mutanen Maroko da suka keto Sahara, sun sha ƙishirwa, sun binne 'yan uwansu da dama a cikin rairayi. Abin da ke hannunsu shi ne bindiga da igwa.

Mutanen Askiya sun yi dabara. Suka tara garken shanu suka koro su a guje, da nufin su tattake sahun baƙin kafin dawakai su auka. Da igwa ta yi tsawa, hayaƙin albarushi ya tashi, sai shanun suka firgita, suka juyo da ƙahoninsu kan masu su. Kafin rana ta faɗi, daular da Sonni Ali da Askiya Muhammadu suka gina, wadda ta fi kowace girma a Yammacin Afirka a zamaninta, ta kama hanyar rushewa.

Shekarar ba ta yi wa duniya sauƙi ba ko ta ina. A Faransa Katolika da Furotesta na ta yanka juna, Sarki Henri na Huɗu ya kewaye birnin Ruwan da yaƙi. Ingila da Sifaniya na gwabzawa a teku. A Rasha an tsinci gawar Dimitiri, ƙaramin ɗan Sarki Iban mai ban tsoro, da rauni a wuya, mutuwar da daga baya ta jefa ƙasar cikin shekarun rikici. A Japan, Hideyoshi na shirin auka wa Koriya, kuma a wannan shekarar ya umurci Sen no Rikyu, gwanin al'adar shan shayi, da ya kashe kansa. A Indiya ne aka ga wani abu na daban, inda Muhammad Ƙuli Ƙutub Shah ya kafa birnin Haidarabad. Ga Musulmi kuwa, a watan Oktoba na wannan shekara aka shiga shekara ta 1000 bayan Hijira, zukata cike da tsammani da fargaba.

Mai Maroko a lokacin shi ne Ahmad al-Mansur, wanda ya hau gado a 1578 bayan yaƙin da Sarki Sabastiyan na Fotugal ya mutu a cikinsa. Yana ganin kansa halifa, yana kuma bukatar zinariya don riƙe soja da gina fada. Ya fara da gishirin Tagaza, ya nemi Askiya ya riƙa biyansa haraji a kan kowane kaya. Littafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi ya kawo cewa Ishaƙ ya mayar masa da amsa da māshi da takalman ƙarfe. Amsar namiji ce, amma ta zo a mugun lokaci, domin a 1588 'ya'yan gidan sarautar Sangai sun yaƙi junansu, manyan jarumai sun ƙare a hannun 'yan uwansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganar bindiga ba sabuwa ba ce a ƙasashen Sudan. Mai Idris Aloma na Barno ya riga ya ɗauki 'yan bindiga Turkawa, har ya aika manzo wurin al-Mansur ɗin nan yana neman taimakon makamai. Sarakunan Gao ne ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, suka dogara da hamada ta tsare su.

Jagoran rundunar Maroko, Judar Basha, haifaffen Sifaniya ne da aka kama tun yana yaro aka rene shi a fada. Da ya shiga Gao sai gwiwarsa ta yi sanyi. An ce ya rubuta wa ubangidansa cewa gidan shugaban masu jakuna na Marrakesh ya fi fadar Askiya kyau. Ishaƙ ya yi tayin miskali 100,000 na zinariya da bayi 1,000 don su koma gida. Al-Mansur ya fusata da jin wannan tayi, ya tuɓe Judar, ya aiko Mahmud Basha. Zinariyar da suke nema tana can kudu cikin daji, inda ƙafarsu ba ta taɓa kaiwa ba. Sabon Askiya, Nuhu, ya ja ragowar mayaƙa zuwa Dandi, ƙasar da a yau ke kan iyakar Nijar da Benin, ya shafe shekaru yana yi musu kwanton ɓauna.

A ganina, asarar da ta fi ciwo a Tumbuktu aka yi ta, shekara biyu bayan Tondibi. A Oktoban 1593 Mahmud Basha ya tara malaman birnin, ya kama manyan gidan Aƙit, gidan da ya daɗe yana riƙe da alƙalanci. An kashe wasu a hanya, an washe gidajensu. A 1594 aka ɗaure sauran da sarƙa, aka tasa ƙeyarsu zuwa Marrakesh. Cikinsu akwai Ahmad Baba, wanda aka haifa a 1556, almajirin Shehu Muhammad Bagayogo. A hanya ya faɗo daga kan raƙumi da sarƙa a jikinsa, ƙafarsa ta karye. Littattafansa 1,600 suka salwanta, kuma shi da kansa ya ce nasa na cikin mafi ƙanƙanta a danginsu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake kwafar littafi da alƙalamin kara da tawada, shafi bayan shafi, ya san shekarun aikin mutum nawa ke cikin wannan adadi.

Bayan an sake shi daga kurkuku an hana shi barin Marrakesh. Marubucin tarihin Maroko al-Ifrani ya kawo labarin haɗuwarsa da al-Mansur. Sarkin yana magana daga bayan labule, Ahmad Baba ya ƙi tanka masa sai da aka yaye labulen, yana mai cewa Allah kaɗai ke magana da bawa ta bayan shamaki. Sannan ya tambaye shi hujjar washe dukiyarsa da ɗaure shi. Sarkin ya ce haɗa kan Musulmi yake nufi. Malamin ya ce, to me ya hana shi farawa da Turkawan Tilimsan da suka fi kusa da shi? Ina girmama wannan tsayuwa ƙwarai, domin mai maganar fursuna ne, ba shi da kowa a garin.

Garin da aka kawo shi cikin ƙasƙanci shi ya koma zama a gabansa. Alƙalai da muftai suka riƙa halartar karatunsa. A can ya kammala Nail al-Ibtihaj, tarihin malaman mazhabar Malikiyya, wanda ta cikinsa muka san sunayen malaman Tumbuktu da dama, har da waɗanda suka zo suka karantar a Kano da Katsina. Al-Mansur ya mutu da annoba a 1603, 'ya'yansa suka shiga rikicin gado, kuma ɗansa Zaidan ya bar malamin ya tafi. A 1608 ya sake taka ƙasar Tumbuktu, ya tarar sojojin Maroko, waɗanda daga baya ake kiran zuriyarsu Arma, sun fara zama masu gari.

A 1615 mutanen Tuwat suka aiko masa da tambaya kan bayin da ake kawowa daga ƙasashen Sudan. Ya amsa a littafin Mi'iraj al-Su'ud. Ya ƙi yarda cewa baƙar fata dalili ce ta bauta, ya kuma jera ƙasashen da ya ce mutanensu Musulmi ne 'ya'ya, haramun ne a mallake su. Cikin jerin akwai Barno da Sangai, akwai Kano da Katsina. Ya rasu a 1627.