Tsohuwar Land Rover a Ƙasar da Barin Hanya Laifi Ne

A watannin Yuni, Yuli da Agusta, sau ɗaya a mako, jirgin ruwan Norröna yakan shigo tashar Seydisfjordur da ke gabashin Ayislan, bayan tafiyar kusan kwana biyu daga Hirtshals ta ƙasar Denmak, da ɗan yada zango a tsibiran Faro. Cikin abin da yake saukewa har da jerin tsofaffin motoci masu lambar Jamus, Holan, Faransa da Ingila: Land Rover mai jiki kamar akwati, Toyota Land Cruiser ta shekarun 1980, tanti a naɗe bisa rufi, jarkokin mai a ɗaure, shebur a rataye a gefe. Da yawa daga cikin masu su sun shafe shekara suna tara kuɗi suna kwana a gareji saboda wannan hutu na mako biyu ko uku. Inda suka nufa shi ne tsakiyar tsibirin, tudun da babu gari, babu gona, sai baƙin yashi, sandararren aman dutse da ƙanƙara.

Ayislan tana da faɗin murabba'in kilomita 103,000, mutanenta kuwa kusan 400,000 ne, kuma kusan dukkansu a bakin teku suke zaune. Babbar hanyar ƙasar, mai lamba 1, zobe ce ta kimanin kilomita 1,300 da ta kewaye tsibirin, kowace ƙaramar mota tana iya bin ta. Hanyoyin da suka ratsa tsakiya su ne ake sa wa harafin F a gaban lambarsu, kuma ba a yarda a hau su ba sai da mota mai ja da taya huɗu. Ba kwalta, sau da yawa ba gada. F26 ta ratsa hamadar Sprengisandur, inda matafiyi zai yi fiye da kilomita 200 bai ga gidan mai ba. F88 ta nufi dutsen Askja, wanda amansa na 1875 ya lulluɓe gonakin gabas da toka har iyalai da dama suka yi ƙaura zuwa Kanada da Amurka. A wannan yankin ne aka kai 'yan sama jannatin Amurka a 1965 da 1967 don su koyi karanta duwatsu kafin tafiya duniyar wata, Neil Armstrong yana cikin ayari na biyu.

Waɗannan hanyoyi a rufe suke kusan wata tara a shekara. Ko bayan dusar ƙanƙara ta narke a sama, ƙasan tana nan a daskare, ruwan ba ya samun wurin nutsewa, hanyar ta zama kunu. Mota ɗaya ta bi ta a wannan hali, ta lalata ta har ƙarshen shekara. Saboda haka hukumar hanyoyi ta ƙasar, Vegagerdin, ita ke sanar da ranar buɗe kowace hanya, yawanci daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, gwargwadon yadda hunturu ya kasance. Zuwa Satumba an fara tattara komatsai. Abin da suke kira lokacin zafi ma, a Reykjavik matsakaicin awon watan Yuli bai wuce digiri 11 ko 12 ba. Abin da lokacin yake bayarwa a wadace shi ne haske: saboda karkatar duniya da kusancin ƙasar da ƙuryar arewa, a ƙarshen Yuni rana takan faɗi wajen sha biyun dare ta fito kafin ƙarfe uku, kuma tsakanin nan ma gari ba ya yin duhu sosai. Musulmin da ya je can a wannan lokaci, lissafin Magariba da Isha da Asuba kaɗai ya ishe shi aiki.

To me ya sa tsohuwar mota? Tarihin Land Rover ya ba da rabin amsar. An fara nuna ta a baje kolin motoci na Amsterdam a watan Afrilun 1948. Maurice Wilks na kamfanin Rover ya tsara ta ne don manomi, yana kwaikwayon jif ɗin sojan Amurka da yake amfani da ita a gonarsa. Ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, sai aka yi jikin da alminiyam, aka ɗora shi kan shasi na ƙarfe mai siffar tsani. Wannan tsari bai canza sosai ba har ranar 29 ga Janairun 2016, lokacin da ta ƙarshe a cikin jinsin, wadda tun 1990 ake kira Defender, ta fito daga masana'antar Solihull, bayan an ƙera fiye da miliyan biyu. Dattawanmu sun san ta, ita ce motar rangadi da ta malaman dabbobi da 'yan sanda a zamanin da kwalta ba ta kai ko'ina ba.

Wadda matafiya suka fi so ita ce mai injin dizal na Tdi, na tsakanin 1990 da 1998. Famfon da ke tura mai cikin injin na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar da ke ba shi umarni. In ta tsaya a tsakiyar Sprengisandur, mai sifana da ɗan sani yana da abin dubawa: mai, iska, fanbel, waya ɗaya ko biyu. Sannan akwai ƙaramar sandar giya ta biyu kusa da babbar, wadda ke rage gudun tayoyi fiye da ninki biyu, ta ƙara musu ƙarfin ja daidai da haka, ta kuma kulle gaba da baya su juya tare. Da ita mota ke hawa tudu tana tafiya a hankali fiye da mai tafiya a ƙasa, ba tare da an ƙona kuloci ba.

Sauran rabin amsar son zuciya ne, kuma ya kamata a faɗa. Motar tana ɗigar da baƙin mai, tana shigar da ƙura da ruwan sama ta ƙofofi, ƙararta ba ta barin a yi hira, ba ta da jakar iska mai kare direba, kuma jikin da ba ya tsatsa yakan ɓoye shasin da tsatsa ta cinye. A kan kwalta kowace ƙaramar motar haya ta fi ta. Wanda ya taho da ita daga Ingila, sitiyarinsa ma a gefen da bai dace ba yake, domin Ayislan ta koma tuƙi a hannun dama tun 1968, shekara huɗu kafin Najeriya.

Inda tafiyar take zama ilimi shi ne bakin kogi. Kogunan tudun iri biyu ne. Akwai na idon ruwa, garai-garai, ana ganin duwatsun ƙasa, zurfinsu ba ya canzawa sosai. Akwai kuma masu fitowa daga ƙarƙashin tsaunukan ƙanƙara irin Vatnajokull, wanda shi kaɗai ya rufe kusan kashi 8 cikin ɗari na ƙasar. Waɗannan launin toka gare su, saboda ƙanƙara tana niƙa dutse ya zama gari a cikin ruwan, ido ba ya iya auna zurfinsu. Kuma suna tafiya da agogo. Rana ta daki ƙanƙara tun safe, narkakken ruwan ya ɗauki sa'o'i kafin ya gangaro, sai kogin ya cika da la'asar zuwa almuru, ya janye cikin dare, ya fi ƙanƙanta da sassafe. Mashigin da bai kai gwiwa ba da ƙarfe bakwai na safe yana iya kaiwa ƙugu da biyar na yamma. Ranar da gari ya yi kyau, rana ta fito tar, ita ce ranar da kogin ya fi haɗari, abin da baƙo ba ya kawowa a ransa. Ga shi kuma ruwan yana sauya magudana a cikin tsakuwa, sawun motar jiya ba hujja ba ne yau.

Kamfanin da ya ƙera Defender ya ce ta shiga ruwa har zurfin rabin mita. Dalilin iyakar yana cikin injin. Injin dizal yana matse iska kusan sau 19 har ta yi zafin da za ta kunna mai da kanta. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan ko kofi ɗaya ya bi ta mashaƙar iska ya shiga, fistin zai taso ya tarar da abin da ba ya ja da baya, sandar da ke tura shi ta lanƙwashe ko ta karye, injin ya mutu nan take a tsakiyar kogi. Wannan ne ya sa ake ɗaga bututun shaƙar iska zuwa gefen rufi. Amma bututun injin kaɗai yake karewa. Aksul da ya yi zafi a tafiya, in ya faɗa ruwan da bai fi ƙanƙara ɗumi da yawa ba, iskar cikinsa tana tsukewa ta zuƙo ruwa, man giya ya koma fari kamar madara. Fanka tana iya lanƙwasawa ta yanki lagireto. Birki ya jiƙe, sai an ɗan tattaka shi bayan an fita kafin ya dawo.

Mafi muni shi ne ƙarfin ruwan kansa. Mita ɗaya ta kowane gefe na ruwa tan guda ce, kuma in gudunsa ya ninka biyu, turin da yake yi ya ninka huɗu. Muddin yana wucewa ta ƙarƙashin mota, da sauƙi. Da ya kai ƙofa, ya sami bango, a lokaci guda kuma yana ɗaga motar yana rage nauyin da ke danne tayoyi. Jikin akwatin nan da ake sha'awa a hoto, a nan abokin gaba ne. Shi ya sa masu gadin yankin suke koya wa baƙi abin da ya saɓa wa hankalin farko: kada a bi inda kogi ya tsuke ya yi lumui, nan ne zurfi, a nemi inda ya baje yana ɓarɓashi a kan tsakuwa. A sa giyar ƙarfi, a shiga a hankali, a karkata kaɗan zuwa inda ruwa ya nufa, kada a canza giya, kada a tsaya. In mutum ba zai iya ratsawa da ƙafa ba, kada ya sa mota. A jira wata motar ta iso, a ƙetare ana ganin juna. Inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar da aka yi a cikin kogi, kuma a yankin Thorsmork, inda kogin Krossa yake, an sha jawo motoci, an kuma yi asarar rai. Masu zuwa ceto 'yan sa kai ne na ƙungiyar Landsbjorg, waɗanda ke barin aikinsu su kafa sansani a tudun duk lokacin zafi.

Sai babban abin mamaki ga wanda ya ɗauko motar da ake tallatawa da cewa ba ta buƙatar hanya: a Ayislan sauka daga hanya laifi ne. Dokar kare muhalli ta hana tuƙi a wajen hanyar da aka shata, ko da filin yashi ne fetal, sai dai a kan dusar ƙanƙara da daskararriyar ƙasa. Tara tana da nauyi, kuma 'yan ƙasar ba sa kawar da kai, hoton lambar mota suke ɗauka su kai wa 'yan sanda.

A ganina suna da gaskiya, kuma duk wanda ya san yadda hamada ke cin gona zai gane dalili. Ƙasar tudun toka ce ta aman dutse, marar nauyi, marar danƙo. Abin da ke riƙe ta shi ne shimfiɗar gansakuka da 'yan ciyayi waɗanda ke samun wata biyu kacal na girma a shekara. Taya ta yage wannan shimfiɗa, sawun yakan daɗe shekaru gommai. Ruwan narkewa ya bi sawun ya mai da shi kwazazzabo, iska ta kwashe abin da ya rage, direba na gaba kuma ya ga sawu ya ɗauka hanya ce. Mutanen nan sun ga ƙarshen irin wannan. Lokacin da kakanninsu suka sauka a tsibirin wajen shekara ta 874, daji ya rufe aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar. Sara da kiwon tumaki da aman duwatsu suka bar kusan kashi 2 cikin ɗari a yau. Tun 1907 suka kafa hukumar yaƙi da zaizayar ƙasa, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a duniya. Har yanzu masu gadi sukan fita da manjagara suna share sawun da wani ya bari don ya sami hoto mai kyau.

Kogunan ma ba sa zama yadda taswira ta bar su, domin tsaunukan ƙanƙarar da ke ciyar da su suna ja da baya. A 2014 masana suka cire Okjokull daga jerin tsaunukan ƙanƙara saboda ya sirance har ya daina motsi. Gadar Skeidara, mai tsawon mita 880, ita ce ta cike zoben babbar hanya a 1974, kuma ta daɗe tana zaman gada mafi tsawo a ƙasar. A 2009 bakin ƙanƙarar ya janye har kogin ya sauya hanya ya koma wani kwari a yamma, ya bar gadar a kan busasshiyar tsakuwa. A 2017 aka buɗe wata gajeruwa a gefenta don ɗan ruwan da ya rage. Irin wannan sauyi yana faruwa a mashigan tudun ba tare da an sa shi a jarida ba, shi ya sa direbobin da suka saba sukan tsaya a bukkar Nyidalur ko ta Dreki su tambayi mai gadi yadda ruwa ya kwana kafin su ci gaba.