Babbar Riga a Cikin Kwalekwale: Shigar da Kogin Jama'are Ke Nema Daga Baƙin Abuja

Hoto ne da aka saba gani idan damina ta yi nisa, koguna sun cika sun batse: tawagar jami'ai ta taso daga Abuja domin duba ɓarnar ambaliya, shugabanta cikin babbar riga ta shadda da ta sha bugu, hadimansa cikin kaftani da takalmi sau-ciki, duk an takure a kwalekwale ɗaya. Can ƙarshen jirgin ga mai fito riƙe da sandar tuƙi, daga shi sai gajeren wando da 'yar singileti. A cikinsu duka, shi kaɗai ya yi shiga da tunanin cewa jirgin na iya kifewa.

Kogin Jama'are ba ya ɗaukar sakaci. Yana tasowa ne daga tsaunukan Jos, inda a can sama ake kiransa Bunga, ya ratsa ƙasar Jama'are da ta Katagum, ya je ya haɗu da Kogin Haɗeja a kusa da Gashuwa. Haɗeja na da madatsun Tiga da Challawa masu rage masa ƙarfi. Jama'are ba shi da irin wannan linzami, domin madatsar Kafin Zaki da aka tsara tun shekarun 1970 har yau ba a kammala ta ba. Da bazara yashi ya fi ruwa yawa a cikinsa, amma a Agusta da Satumba sai ya malale gonaki da hanyoyi. A Agustan 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Kafin nan, a Nuwamban 2020, kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Itas/Gadau da ke maƙwabtaka, mutum 18 suka rasu.

Masu shiga ruwa da gangan sun daɗe da warware batun sutura. Akwai wani wasa da ake yi a gaɓar Dakhla, a bakin Tekun Atlantika, da Tarifa ta ƙasar Sifen: mutum ya tsaya a kan ɗan allo, ya ɗaura wata babbar lema a ƙugunsa da dogayen igiyoyi, iska ta riƙa jansa yana zamiya a kan ruwa. Wasan ya shiga gasar Olamfik a karon farko a 2024, aka yi tserensa a Marsai ta Faransa. Ko a tsakiyar zafi, ɗan wasan ba ya shiga ruwa da abin da ya ga dama. Yakan sa riga mai dogon hannu da ke lafewa a jiki, wadda ba ta riƙe ruwa kuma take tare rana; a kanta rigar da ke taso da shi sama idan ya faɗa; sai hular kwano. Babu lage, babu abin da ke reto, domin duk abin da ya yi reto iska za ta kama shi ko igiya ta sarƙe shi. Yana zaɓen kayansa ne bisa sanin cewa tabbas zai faɗa ruwa.

A auna babbar riga da wannan ma'auni. Yadi ne mai yawa, mai faɗin hannuwa. Idan iskar hadari ta taso a tsakiyar kogi, ita kanta lema ce, ga kwalekwale kuwa ɗan karkatar mutum ɗaya ya ishe shi. Idan aka faɗa, rigar takan buɗe ta lulluɓe fuska, ta naɗe hannuwa a daidai lokacin da ake buƙatarsu. Nauyinta na gaske sai an zo fitowa ake jinsa: auduga ta sha ruwa ta ƙoshi, mai ceto na ja, rigar na mayar da mai ita. Takalmi sau-ciki mai santsin ƙasa kuwa tun a laka yake fara cin amanar mai shi.

Lamarin mata ya fi buƙatar tunani, domin ba wadda za a ce ta zubar da mutuncinta saboda fito. Ba a kuma buƙatar hakan. Zani kan ɗaure ƙafafu ko ya kwance, dogon hijabi da gyale kan naɗe wuya. Dogon wando mara nauyi, da riga mai dogon hannu zuwa gwiwa, da ƙaramin hijabi da za a cusa cikin rigar kariya, sun rufe jiki ba tare da sun ɗaure shi ba. Ga maza ma shigar kusan ɗaya ce: wando da riga marasa nauyi masu saurin bushewa, takalmin roba mai maɗauri a dunduniya, da malfa mai igiya a haɓa saboda rana.

Sai ita rigar kariyar, wadda mutane da yawa ke ɗauka duk ɗaya ce. A jikin ingantacciya akwai lamba. Mai 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yake kusa da gaɓa, irinta 'yan wasan lema ke sawa domin ba ta takura motsi. Mai 100 ta dace da ruwa mai natsuwa. Mai 150 ita aka ƙera domin ta juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama. Jami'in da bai taɓa iyo ba, a kan kogin da ke gudu da itatuwa, bai kamata ya yarda da mai 50 ba. Kuma kowace iri ce, idan ba a ɗaure ta tamau ba, ruwa zai tura ta sama ta fice ta kai. Gwajin mai sauƙi ne: wani ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga, idan ta kai kunne, ba ta ɗauru ba.

Doka ma tana nan. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta wajabta sa rigar kariya kafin shiga jirgi, kuma a 2025 Ma'aikatar Harkokin Teku ƙarƙashin Adegboyega Oyetola ta ƙaddamar da rabon riguna 42,000 a Minna. Sai dai mashigar ƙauye ba tashar jirgin ruwa ba ce. Hadimin da ya dogara cewa zai tarar da riguna a bakin kogi, ƙila abin da zai tarar shi ne gorar masunta.

Nan aikin hadimi yake. Shi ke tsara tafiya, shi ya san za a fara da gaisuwa a fadar Sarkin Jama'are ko ta Sarkin Katagum a Azare, inda ba a shiga da rigar roba. Abin da ke rage masa shi ne ya saka minti 10 a cikin jadawali tsakanin fada da bakin ruwa, ya ƙirga riguna daidai da kawunan tawaga har da direba da mai ɗaukar hoto, ya kuma yi ƙarfin halin cewa: "Ranka ya daɗe, a bar babbar rigar a mota." Ɗora rigar kariya a kan malum-malum, a bar maɗaurinta a sake domin kada aikin wuya ya yamutse, hoto kawai yake gyarawa.