Wa ya ce an soke jarrabawar shiga jami'a a Amurka?

Wani saƙo yana yawo a wayoyin 'yan lise daga Takeita har Damagaram, wai manyan jami'o'in Amurka sun daina neman jarrabawa, duk wanda ya tura sunansa an ɗauke shi. Har an fara jin masu cewa wahalar karatun bak ba ta da amfani. Akwai ƙwayar gaskiya a maganar, shi ya sa take saurin shiga kan yara.

Jarrabawar da ake nufi ita ce SAT, mai maki 1600. Tun 1969 kwalejin Bowdoin ta bar wa mai nema zaɓi: in ya so ya aika makinsa, in bai so ba ya bari. Da korona ta rufe wuraren jarrabawa a 2020, sai kusan duk manyan jami'o'in suka bi sahu. Amma kujerun ba su ƙaru ba, masu nema ne suka yi yawa. Daga 2021 zuwa 2024 Harvard ba ta ɗauki ko 4 cikin kowane mutum 100 da suka nema ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne zaton da ake yi cewa cire jarrabawa gata ne ga ɗan talaka. A kasuwa, tiya ce ke kare manomin da ba a sani ba. A ce yau an jefar da ita, hatsi da ido za a kimanta, to wa zai ci riba? Wanda ɗan kasuwa ya san gidansu, da wanda ya iya baki. Haka lamarin yake a can. In babu maki, sai a koma duba sunan makarantar da yaro ya fito, da wasiƙar shaida daga malamansa, da rubutun da ya yi kan rayuwarsa, wanda ɗan mai hali ke da mai gyara masa. Yaron da ya fara karatu a ajin zana a Garagumsa, wa ya san makarantarsa a Harvard? Makin nan shi ne shaidarsa guda da ba ta buƙatar a san ubansa.

Su kansu jami'o'in sun gano haka. MIT ta dawo da sharaɗin jarrabawar a 2022. A Fabrairun 2024 Dartmouth ta bi, bayan bincikenta ya nuna cewa 'ya'yan marasa ƙarfi suna ɓoye maki kamar 1400 don suna ganin bai kai ba, alhali da sun nuna shi, aka auna da irin makarantar da suka fito, da ya taimake su. Yale da Brown da Harvard duk suka dawo da jarrabawar a shekarar. Jami'ar Kalifoniya kuwa ta tsaya kan cewa ba ta duba makin sam, kuma hujjar masu wannan ra'ayi tana da nauyi: mai kuɗi yana biyan malamin da zai horar da ɗansa.

Mu ma a nan ƙasarmu mun taɓa irin wannan. An dakatar da jarrabawar sartifika kimanin shekara goma, yara suna wucewa kwaleji da makin aji, sai a 2024 aka dawo da ita. Tambayi malaman ajin farko na kwaleji irin karatun da suka riƙa karɓa a tsakani. Soke jarrabawa ba ya cin ko dala, shi ya sa yake da daɗi ga hukuma. Gina aji da biyan malamai 'yan kwantaragi kan lokaci su ne masu tsada.

Ɗalibi, kada ka ba kowane dillali kuɗinka da sunan shiga jami'a ba jarrabawa. Ko Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram ba ta karɓarka sai da bak, don haka ka koma ga littafinka.