Ba Kowane Sojan Sama Ne Ke Tashi Sama Ba

Kwanakin baya a wurin zaman makoki a unguwarmu, bayan an shafa fatiha ana ɗan taɓa hira kafin la'asar, wani ya tambayi wani dattijo labarin ɗansa da ya shiga sojan sama. Alhaji ya yatsine fuska ya ce, "Kai dai bari, Malam. Muna ta murna yaro zai tuƙa jirgi, ashe kanikanci aka tura shi. Da na san sifana zai riƙe, ai da na kai shi gareji a Ƙofar Ruwa, ko ba komai yana kwana a gida." Aka kwashe da dariya. Ni kam ban yi ba, domin ba yau na fara jin irin wannan magana ba, kuma ta ishe ni. Na san yaron da aka hana zuwa tantancewa saboda an ji cewa sashen gyara zai faɗa. Yanzu yana zaune a bakin titi yana jiran sanarwar ɗaukar aiki a sakatariya.

A taƙaice, masu gyaran jiragen soja kashi-kashi ne. Akwai masu inji, akwai masu gangar jikin jirgi da fukafukai da ƙafafu, akwai masu lantarki da na'urorin sadarwa, akwai masu ɗora makamai, akwai kuma masu kula da laima da kujerar nan da ke cilla matuƙi waje idan jirgi ya ƙi. Wasu hafsoshi ne injiniyoyi, mafi yawa kuwa ƙananan sojoji ne masu sana'a a hannu. Ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗaukar da ake yi cewa mai gyara wanda ya faɗi jarrabawar tuƙi ne, aka rage masa hanya da sifana don kada ya koma gida hannu rabbana.

Ga abin da Alhaji bai sani ba. Matuƙi, komai yawan igiyarsa, ba ya ɗaga jirgi sai wani ya sa hannu a littafin jirgin cewa lafiyarsa ƙalau. Wannan wanin sau da yawa saje ne ko kofur, mai kaya duk dabbaren mai. Tun kafin assalatu yana filin da tocila. Zai zagaye jirgin ya duba tayoyi, ya leƙa bakin inji ko tsuntsu ya bar wani abu, ya shafa ƙarƙashin fiffike ko mai na tsattsafowa, ya ɗebi ɗan man jirgi a kwalba ya ɗaga ta ya gani ko ruwa ya kwanta a ƙasa. Sai ya zare murafun nan masu jan ƙyalle da aka toshe kafofi da su, ya ƙirga su, sannan ya rubuta sunansa. Idan ya ce jirgin nan ba zai tashi ba, to an gama magana har sai an gyara. Idan kuwa ya sa hannu wani abu ya faru, littafin nan ne masu bincike za su fara buɗewa, ko da bayan shekaru ne. A gaya mini, wane bakanike ne a Ƙofar Ruwa ake neman sa hannunsa kafin direba ya kama hanyar Zariya?

Ba raina masu gareji nake yi ba, motata ma a hannunsu take rayuwa. Amma aikin gareji a ƙasar nan an gina shi ne a kan kalma ɗaya: maneji. Noti ya ɓace, a ɗaure da waya. Ba a sami na asali ba, a sa na gwanjo. "Oga, je ka da ita haka, za ta kai ka." Idan ba ta kai ka ba, ka gangara gefen titi ka ɗaga bonet. Jirgi ba shi da gefen titi. Shi ya sa kowane noti yake da iyakar ƙarfin da za a ɗaure shi, da sifana ta musamman mai awo, kuma ita kanta sifanar ana kai ta gwaji lokaci-lokaci. Kayan jikin jirgi da yawa suna da wa'adi, wasu da awannin tashi, wasu da kwanan wata. Wa'adi na cika za a cire, ko da abu yana ƙyalli kamar jiya aka sayo shi. Mu da muke tafiya da taya har sai zare ya fito, wannan sai mu ce almubazzaranci ne.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a wannan sana'a karin maganar nan ta kusa kashe mutum. A watan Yunin 1990 wani jirgin fasinja na British Airways ya tashi daga Birmingham a Ingila, yana cikin hawa sai gilashin gaba ya fice, iska ta fizgi matuƙin har rabin jikinsa ya fita waje. Ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauke jirgin, Allah ya yi da sauran kwanansa. Da aka bincika, sai aka gano wanda ya canja gilashin cikin dare da ido ya gwada kusoshin, bai buɗe littafi ba. Cikin kusoshi 90, guda 84 sun gaza kaurin da ake buƙata da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Ƙwararre ne fa, mai shekaru a bakin aiki. Yarda da ido ce ta ja masa.

Ko zanzaro ma ba a raina shi. A jikin jirgi akwai wani siririn bututu da ke auna gudu, bakinsa bai fi na alƙalami ba, irin ramin da zanzaro ke so ya yi gininsa. A 1996 wani jirgi ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka halaka. Bututun ya toshe, kuma masu bincike sun fi zargin ƙwaron nan ne ya yi gini a ciki lokacin da jirgin ya yi kwanaki a ajiye. Mu da muke zaune da zanzaro a kowane lungun ɗaki, ga ƙurar hunturu da ke cin fuka-fukan cikin inji kamar ana goga musu yashi, ga zafin Maiduguri da ke busar da roba, sai mu ce wanda ke tsare wannan duka ɗan aike ne?

Akwai wata al'ada tasu da nake so iyaye su ji. Kowace sifana da filaya tana da gurbinta a akwati, an zana siffarta. Kafin a fara aiki a ƙirga, bayan an gama a ƙirga. Idan guda ta ɓace, ba wanda zai tafi gida, jirgin kuma ba zai motsa ba sai an gan ta, domin ƙaramin ƙarfe a cikin inji ya isa ya rugurguza shi. Har jeruwa suke yi kafaɗa da kafaɗa suna tafiya a filin jirgi suna tsintar tsakuwa. Yaron da aka horar haka, tarbiyya ce aka ba shi wadda kuɗi ba ya saya.

Tarihin rundunar sojan saman Nijeriya ma shaida ne. An kafa ta a 1964 da taimakon Jamusawa. A tsakiyar shekarun 1980 Nijeriya ta sayi jiragen yaƙi ƙirar Jaguar guda 18 daga Ingila, jirage na gani na faɗa a zamaninsu. Ba su yi shekara goma suna aiki ba aka jingine su, saboda ɗawainiyar kula da su ta gagara. Matuƙa suna nan, jirage suna nan, amma shiru. A gefe guda kuma ga C-130, babban jirgin dakon kaya da aka fara kawowa tun shekarun 1970, wasu har yau suna tashi, har ma an kai ga yi musu babban garambawul a cikin gida, a ma'aikatar gyaran jirage ta rundunar da ke Ikeja, maimakon a kai su waje. Jiragen Super Tucano 12 da suka iso daga Amurka a 2021 aka girke a Kainji, da JF-17 guda uku daga Pakistan, kowannensu sai da aka tura mutane koyon kula da shi. Jiragen nan marasa matuƙa da aka ƙera a Kaduna aka ba su sunayen Hausa, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, ai ba matuƙa ne suka ƙera su ba. Gaskiya ne ƙarancin kuɗi da jiran kayan gyara daga waje su ma suna kwantar da jirage, amma wannan zancen wata rana ne.

To, yaron da ke so, ta ina zai bi? Ya fara tun daga sakandare. Lissafi da Fizis da Kemistiri da Turanci, waɗannan ba a yi musu wayo. Turancin nan da yaranmu ke gudu, a nan ba ado ba ne: littattafan gyara da shi aka rubuta su, kuma ba a yarda ka yi aiki da ka ba, sai littafi a buɗe a gabanka, layi bayan layi. Wanda aka rubuta wa jarrabawa a cibiyar "taimako" ya fito da kiredit tara, ranar da aka ajiye masa littafin inji asirinsa zai tonu. Iyayen da ke ganin makarantar fasaha ta yaran da ba su da ƙoƙari ce su sake tunani. Ɗalibin makarantar fasaha ta Bagauda ko Wudil da ya saba da zanen injiniya da awo, ko na makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da ya ƙoshi da kimiyya, ya riga wasu yin nisa.

Ƙofofin shiga uku ne. Mai takardar sakandare ko difloma yana iya shiga a kurtu, ya yi horon soja na wasu watanni a Kaduna, daga nan a ware shi zuwa sana'a. Mai son zama hafsa tun daga tushe ya nemi makarantar horar da hafsoshi ta NDA. Wanda ya riga ya yi digiri ko babbar difloma a injiniyanci kuma akwai ɗaukar hafsoshi na gajeren zango da ake sanarwa lokaci-lokaci. Makarantar da ke horar da masu gyaran ita ce AFIT da ke Kaduna, wadda ta faro a 1977 a matsayin makarantar koyon fasaha ta rundunar, ta sami wannan suna a 2008. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, yanzu tana ɗaukar farar hula ta hanyar JAMB, maza da mata. Wanda kuma ba ya son kaki sam, ga kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, ita ma tun 1964 take, tana da sashen gyaran jirage. Duk a ƙofar gidanmu suke, amma sai ka ga ɗan Zariya bai taɓa tambayar abin da ake koyarwa a bayan katangar ba.

Sai maganar 'yan damfara, kuma a nan ina roƙon iyaye da babbar murya. Neman shiga kurtun sojan sama kyauta ne, ta shafin rundunar na intanet ake cikewa, ita kanta tana nanata haka duk lokacin da ta buɗe. Duk wanda ya ce yana da "gurbi" a hannun wani oga, a turo dubu ɗari kaza ta asusun wani, ɓarawo ne, ko da ya turo hotonsa da kaki a WhatsApp. Na ga uwar da ta sayar da tumakinta biyu da keken ɗinki, aka ba ɗanta takarda mai tambari, ya je bakin ƙofar bariki aka kore shi, ya yi sa'a ma ba a tsare shi ba. Kada a rage shekaru, kada a sayi takardar zama ɗan wata ƙaramar hukuma, kada suna ya bambanta tsakanin takardar makaranta da katin ɗan ƙasa. Sharuɗɗan shekaru da tsawo suna cikin sanarwar kowace shekara, a karanta ta da kyau, a daina dogara da "an ce". Akwai gwajin lafiya mai tsanani, har da ido da kunne. Mai shan ƙwaya ko maganin tari kuwa ya hutar da kansa kuɗin mota. Wa zai ba mai layi amanar kujerar da ke da albarushi a ƙarƙashinta?

Kada kuma in yi wa kowa romon baka. Soja ne kafin komai, ba shi da zaɓin inda za a kai shi. Ana iya tura shi Maiduguri ko Katsina ya yi watanni bai ga iyalinsa ba. Jirgin da zai fita da asuba cikin dare ake shirya shi, ranar Sallah ma haka. Ƙarar inji tana cin kunne idan ana wasa da abin toshewa, mai da sinadarai suna cin fata. Albashin ƙaramin soja kuma ba wanda zai ce ya wadatar.

Amma sana'a ce da ba ta ƙarewa ranar da aka tuɓe kaki. Kamfanonin jiragen fasinja da masu jirage masu saukar ungulu da ke yi wa kamfanonin mai aiki duk suna neman hannun da ya saba. Sai dai a sani, gogewar bariki ba ta zama lasisi da kanta. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ce ke ba da lasisin gyaran jiragen farar hula, kuma sai an zauna jarrabawarta an nuna shaidar ayyukan da aka yi. Don haka duk wanda ke ciki ya riƙa adana takardun kwasa-kwasansa, ya rubuta kowane aiki da irin jirgin da ya taɓa, da sa hannun na gaba da shi, tun yana kofur, kada ya bari sai ritaya ta ƙarato ya fara neman wanda zai tuna masa.