Kuɗin rigakafin ambaliya: me ya sa ruwa ke riga su isa Karasuwa?

Wanda ya taɓa bin hanyar Nguru zuwa Gashuwa a ƙarshen damina, ya ratsa Jajimaji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, ya san cewa ruwan da ke cin gonakin wannan yanki ba na samansu kaɗai ba ne. Daga Kano yake gangarowa ta Kogin Haɗeja, wani kuma daga tsaunukan Filato da Bauchi ta Kogin Jama'are, kafin su zama Komadugu Yobe.

A da, Kogin Haɗeja kan ƙafe da rani. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ya koma gudana kusan duk shekara. Ciyawar kacala ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a bayanta. Ruwan da ya rasa hanya ya karkata ta mashigar Marma zuwa Tafkin Nguru yana malala cikin gonaki, yayin da wasu rassan kogin suka tsuke. Wannan bala'i ne mai sallama kafin ya shigo, kuma maganinsa aikin rani ne: sare kacala, yashe magudanai, ɗaga jinga.

To, ina kuɗin aikin?

Babbar rijiyar ita ce Asusun Kula da Muhalli da aka kafa a 1981. A tsarin rabon arzikin ƙasa, Gwamnatin Tarayya na karɓar kashi 1 cikin 100 a wannan layi, jihohi kashi 0.72, ƙananan hukumomi kashi 0.60. Kason tarayya ba ya zama wuri guda. Doka ta ba NEMA, wadda aka kafa a 1999, kashi 20 cikin 100 na asusun. Hukumar Babbar Koriyar Ganuwa tana da 15, Hukumar Raya Arewa maso Gabas tana da 10. Manyan ayyuka kuwa ta ofishin da ke ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya suke bi, kuma sai da amincewar Shugaban Ƙasa. Yobe tana da haƙƙi a kowane ɗayan waɗannan.

Akwai kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 da aka amince da su a Disambar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai asusun amana na yankin Haɗeja-Jama'are-Komadugu-Yobe da jihohi shida masu tarayya a kogin suka kafa tare da Gwamnatin Tarayya a 2006, mai mazauni a Damaturu. Shi ne ya fi dacewa da matsalar, tunda kacalar da ta toshe kogi a Jigawa tana iya zama ambaliyar manomin Yobe. Shi ne kuma aka fi mantawa da shi idan ana maganar kuɗi.

Ke nan ba rashin ƙofa ba ne. Matsalar ita ce lokacin da ake buɗe ta. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, NIHSA ta biyo da nata na ambaliya kafin ruwa ya kankama. Amma a teburin gyaran labarai, sanarwar da ta fi cika mana akwati ita ce ta Satumba: buhunan shinkafa, tabarmi, barguna, da hoton mai miƙawa. Ta yashe mashigar ruwa a watan Maris ba kasafai muke ganinta ba, wataƙila don ramin da aka yashe ba ya kyau a hoto. Ko naira biliyan 3 da aka amince a bai wa kowace jiha a 2024, a cikin Agusta aka sanar da ita, lokacin da injin yashe kogi ba shi da wurin tsayawa. Shekara biyu kafin nan, ambaliyar 2022 ta riga ta hallaka mutum fiye da 600 a faɗin ƙasa.

Kason da ya fi ba ni mamaki shi ne mafi ƙanƙanta, wato 0.60 na ƙananan hukumomi. Shi ne mafi kusa da mai unguwar da ya san inda jinga ke fara tsagewa, kuma shi ya kamata ya rayar da kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma da tsarin ƙasa ya tanada. Shekaru da yawa ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Duk hadimin da ke son sanin ko hukuncin ya isa Jajimaji, ya nemi takardar rabon wata-wata daga Ofishin Akanta-Janar, ya duba layin muhalli na Karasuwa da Nguru da Bade, sannan ya tambayi abin da aka yi da shi tsakanin Janairu da Mayu.