CIWON ASMA: A YI HATTARA DA ALLURAR KASUWA

'Yan'uwa manoma, bara da kaka wani abu ya faru a ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu na ƙasar Illela, wanda ya kamata kowa ya ji labarinsa. Wani ɗan ƙungiya, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya wuni a masussuka ana shiƙar gero. Da ma yana da ciwon asma tun yana yaro. Da almuru ƙirjinsa ya ɗaure, numfashinsa ya soma kuka kamar ana busa usur. Iyalinsa suka aika aka kira wani mai allura da ke yawo ƙauye-ƙauye a kan babur. Mai allurar ya zuƙi magani, ya nemi jijiya, ya ɗura shi duka nan take. Bai gama mai da kayansa cikin jaka ba sai mara lafiya ya fara amai, zuciyarsa tana bugawa kamar za ta fito, jikinsa ya ɗauki jijjiga. Mai allura ya hau babur ya ce zai je ya ɗauko wani magani, bai dawo ba. Da ƙyar aka sami mota aka kai mutumin asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi bayan kwana huɗu.

Da na je gaishe shi, ya ce mini, "Malam, ni fa na ɗauka allura ita ce gaba da kowane magani." Mu da yawa haka muka ɗauka. Domin wannan ne na je na zauna da ma'aikatan lafiya, na yi ta tambaya, ga kuwa abin da na samo mana.

Mene ne ciwon asma?

A cikin huhun mutum akwai ƙananan hanyoyi da yawa da iska ke bi, kamar rassan itace. Ga mai asma, waɗannan hanyoyi suna da saurin fushi. Idan ƙura ko hayaƙi ko sanyi ya taɓa su, sai cikinsu ya kumbura, naman da ke kewaye da su ya tsuke, majina mai kauri ta taru. Iska ta rasa wurin wucewa. Shi ne ake jin tari, musamman da dare ko da asuba, da nauyin ƙirji, da kukan nan na numfashi.

Kada a haɗa shi da tarin fuka. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukarsa daga wani, kuma ana warkewa idan an sha magani na wata shida yadda aka umarta. Asma kuwa ba a ɗaukarta ta tari ko cin abinci tare. Takan bi jini a wasu gidaje. Ba a raba mutum da ita gaba ɗaya, amma ana iya riƙe ta har mutum ya yi noma da kiwo kamar kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da ita a duniya, kuma ta kashe 455,000 a shekarar. Yawancin waɗanda suka mutu a ƙasashe irin namu suke, inda maganin shaƙa bai wadata ba.

Allurai da abin da ke iya biyo bayansu

Ta farko ita ce aminofilin, wadda aka yi wa ɗan'uwanmu. Tsohon magani ne, yana buɗe hanyoyin iska, amma tazarar da ke tsakanin abin da zai yi magani da abin da zai yi ɓarna ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Dokarsa ita ce a auna shi bisa nauyin mutum, a shigar da shi cikin jijiya a hankali, kada ya kasa minti 20. Idan aka ɗura shi da sauri yana kawo amai, da bugun zuciya barkatai, da faɗuwar jini, da jijjiga, har da mutuwa. Haɗarin ya fi girma idan mutum ya riga ya sha ƙwayar asma mai ɗauke da tiyofilin, irin su Franol, gama dangin juna ne, sai su taru su yi yawa a jini. Haka kuma idan yana shan siprofloksasin ko eritromaisin, domin suna hana jiki fitar da shi da wuri. Saboda waɗannan dalilai, manyan likitocin asma na duniya yanzu ba su ba da shawarar a fara da ita idan ciwo ya tashi.

Ta biyu su ne haidrokotison da deksametason. Waɗannan suna sauke kumburin cikin huhu, kuma a asibiti suna ceton rai. Amma ba nan take suke aiki ba, sai bayan kamar awa huɗu. Ƙwayar firednisolon da ake haɗiya tana yin aiki daidai da allurar, muddin mara lafiya yana iya haɗiya. Ɓarnarsu tana zuwa ne ga wanda ya mai da su abin kullum. Fuska ta kumbura har a ce ya yi ƙiba, alhali ciwon sukari ne da hawan jini ke shigowa, ƙashi yana laushi, ido yana yin yana. Wanda ya daɗe yana amfani da su kada ya bari rana ɗaya, sai likita ya rage masa kaɗan-kaɗan.

Ta uku sababbin allurai ne da ake yi a ƙarƙashin fata ga masu asma mai tsanani. Ta farkonsu, mai suna Xolair, an yarda da ita a Amurka a 2003, ana yinta duk mako biyu ko huɗu. A 2007 hukumar magunguna ta can ta sa a rubuta babban gargaɗi a jikinta, domin kamar mutum biyu cikin dubu jikinsu yakan ƙi ta da ƙarfi. Don haka akan tsare mutum a asibiti har awa biyu bayan allurai ukun farko. Tsadarta ta fi ƙarfin manomi, ba kuwa za ku gan ta a ƙauye ba. Na kawo ta ne domin darasin da ke ciki. Idan ƙasar da ke da likitoci da kayan aiki tana tsare mutum awa biyu ana dubansa, yaya za mu miƙa hannu ga wanda zai yi allura a ƙarƙashin rumfa ya hau babur ya tafi?

Akwai kuma magungunan da ba na asma ba ne, amma suna tayar da ita ga wasu. Manomi ya dawo daga gona jiki yana ciwo, sai ya nemi allurar diklofenak, ko ya sha asfirin ko ibufurofen. Ga wasu masu asma wannan kaɗai ya isa ya rufe musu ƙirji cikin awa ɗaya ko biyu. Wanda ya taɓa ganin haka ya tsaya ga farasitamol. Maganin hawan jini mai suna furofuranolol shi ma yana tsuke hanyoyin iska. Duk inda za a ba ku magani, ku fara da cewa, "Ina da asma."

Alamun jiki ya ƙi magani

Kowace allura, har da fenisilin, tana iya sa jiki ya yi mata bore. Ga alamun: borin jini da ƙaiƙayi a jiki duka, kumburin leɓe ko harshe ko ido, murya ta dushe, maƙogwaro ya shaƙe, jiri da suma. Yawanci cikin 'yan mintoci suke zuwa. Maganinsa allurar adirenalin ce a cinya, nan da nan, kuma ma'aikacin lafiya ne ke yinta. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko nono ko manja. Idan jiri yake ji a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, idan numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune, a nufi asibiti. Bayan kowace allura a zauna rabin awa kafin a kama hanya. Wanda magani ya taɓa ƙinsa, a rubuta masa sunan maganin a takarda ya riƙa yawo da ita cikin aljihu.

Abubuwan da ke tayar da ciwon a wurinmu

Babba shi ne hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa tana kawo hazo da ƙura daga hamada, mu kuwa a nan bakin iyaka muna cikin masu fara karɓarta. Sanyin asuba da mura suna ƙara wa abin ƙarfi. Lokacin ne kuma aikin kaka yake: sussukar gero, shiƙa, fyaɗin wake, ɗaure harawa. Ƙaiƙayin gero da ƙurar tsohon rumbu, musamman wanda ya yi fumfuna, suna cikin masu saurin tayar da ƙirji.

Ranar Lahadi kasuwar Illela takan cika da dabbobi da manyan motoci daga Birnin Konni da sauran wurare. Ƙurar kara da hayaƙin motoci ba ƙaramin abu ba ne ga mai asma. Masu noman rani na albasa su lura da maganin feshi, haka ma maganin ƙwari mai ƙarfin wari da ake fesawa cikin ɗaki ko a zuba wa wake.

A cikin gida akwai hayaƙin itace da na kara da na kashin shanu a madafa marar taga, wanda mata da goyonsu ke shaƙa kullum. Akwai wutar jin ɗumi a ɗaki rufe, da maganin sauro na kunnawa, da turaren wuta, da taba, da hayaƙin janareta. Kyankyasai, da ƙurar tsohuwar katifa, da kwana ɗaki ɗaya da kaji ko tantabaru, duk suna ciki.

Ba kowa ne duk waɗannan ke damu ba, kowa da nasa. Duk ran da ciwo ya tashi, a tambayi kai: ina na je, me na shaƙa, me na sha? Ɗan makaranta ya rubuta a littafi. Kafin wata uku za a gane mai laifin. Mai asma ya tsaya ta inda iska ke fitowa in ana shiƙa, ya rufe hanci da baki da takunkumi ko rawani, a bar masa ɗaukar buhu maimakon share rumbu. Gidan sauro ya fi masa maganin kunnawa.

Maganin shaƙa da gorar roba

Maganin da ya fi sauri idan ciwo ya tashi shi ne na shaƙa, wato inhela, mai suna salbutamol, wanda yawanci shuɗi ne. Yana zuwa huhu kai tsaye, ya fara aiki cikin 'yan mintoci. Wasu suna gudunsa, wai in ka fara ba ka bari, ko wai na wanda ya kusa mutuwa ne. Ba gaskiya ba ne. Akwai kuma na biyu, na rigakafi, irin su beklometason da budesonaid, wanda ke hana kumburin tun bai taso ba. Tun 2019 shawarar likitocin asma ta duniya ita ce kada babba ya dogara ga shuɗin kaɗai. Bayan shaƙar na rigakafi a kurkure baki.

Mutane da yawa ba su iya haɗa fesawa da jan numfashi ba, sai maganin ya tsaya a baki. Ga dabara mai araha, wadda likitoci a Afirka ta Kudu suka gwada a kan yara a 1999 suka ga tana aiki. A sami gorar ruwa ta roba mai cin rabin lita. A huda gindinta daidai bakin inhela, a cusa shi ya zauna daram ba inda iska ke fita. A wanke ta da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta. In ciwo ya tashi, a zaunar da mutum, kada a kwantar da shi. A girgiza inhela, ya sa bakin gorar a bakinsa, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi sau biyar. A sake girgizawa a sake fesawa, ɗaya bayan ɗaya, babba har sau goma idan da bukata. Adadin na yaro a tambayi ma'aikacin lafiya tun yaron yana lafiya.

Idan mutum ya kasa gama magana sai ya tsaya ya huta, ko leɓensa ya canja launi, ko ya fara gyangyaɗi, ko an fesa goma ba sauƙi, to, sai asibiti. A ci gaba da fesawa duk minti 20 a kan hanya. Akwai babban asibiti a Illela, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Can in an ga allura ta zama dole, za a yi ta da awo, ana dubansa, ga iskar taimakon numfashi a kusa.

Aikin da ke gaban ƙungiya

Mu mutanen iyaka mun ga yadda hanya ke rufewa ba shiri. An rufe iyakar Illela daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa 2024. Waɗanda suka saba ƙetarawa Konni ko asibitin Galmi neman magani sun sha wuya. Kuɗin inhela kuma ya hau ƙwarai tun 2023. Saboda haka kada a jira sai dare ya yi ciwo ya tashi.

A taron wata mai zuwa, sakatare ya rubuta gidajen da ke da mai asma. Yadda muke tara kuɗin taki da iri, a ware wani abu daga asusu, a sayi inhela biyu a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, a ajiye wurin ma'aji tare da gora. A kuma san mai mota ko mai babur da za a tasa ko da tsakar dare ne. A gayyaci ma'aikacin lafiya na kusa ya zo ya nuna wa maza da mata yadda ake shaƙa.

Ɗan'uwan nan namu bana shi ne mai auna hatsi da ɗinke buhu, nesa da masu shiƙa, inhelarsa tana cikin aljihun rigarsa. Ku yi ƙoƙari ku gama wannan shiri kafin a fara yankan gero.