Me ya sa hannu ke sandarewa bayan shanyewar ɓarin jiki?

Duk wanda ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san yadda abin yake. Da farko hannun yakan saki, kamar ba nasa ba. Bayan 'yan makonni sai ya fara sandarewa, gwiwar hannu ta lanƙwashe, yatsu su dunƙule. A nan ne 'yan uwa kan ce jijiya ce ta ɗaure, a nufi wurin mai ɗori, ko a sa wani ƙaƙƙarfa ya miƙe shi da ƙarfin tsiya. Wannan kuskure ne babba.

Asalin ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Ɓangarenta na hagu ke sarrafa jikin dama, na dama kuma ke sarrafa hagu. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a can, saƙon da ke ba kowace tsoka umarni ita kaɗai yakan lalace, sai tsokoki su riƙa motsi a tare. Shi ya sa idan majinyaci ya yi ƙoƙarin ɗaga kafaɗa don ya miƙa hannu ga kofi, gwiwar take naɗewa da kanta. Wani ma idan ya yi hamma sai ka ga hannun ya motsa.

Akwai kuma wani martani da lakar baya ke yi: in aka ja tsoka da sauri, sai ta ɗame don kare kanta. A jikin mai lafiya ƙwaƙwalwa ce ke taka wa wannan birki. Bayan shanyewa birkin ya yi rauni, don haka fizgar hannu ƙara masa tauri take yi.

Abin yi shi ne a riƙa miƙe yatsu da gwiwa a hankali kullum, a tallafe hannun da matashi in yana zaune ko kwance. Kada a kama hannun da ya shanye a ja wajen tayar da shi, kafaɗar na iya gocewa.

Watanni 3 zuwa 6 na farko ne aka fi samun sauƙi, don haka kada a ce sai an koma gida Arewa. Akwai sashen gashin ƙashi a LUTH da ke Idi-Araba a Legas, da UCH a Ibadan, da sauran asibitocin koyarwa. A ci gaba da shan maganin hawan jini yadda likita ya tsara. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.